Zuwa ga Masu Kiwon Tarwaɗa a Cikin Birni



Da ku nake, ku da kuka kafa tankin siminti ko na tampol a tsakar gida, daga Yakasai zuwa Koki da Mandawari. Tarwaɗar da masunta ke kamowa a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, a kan laka take kwana. Lakar nan kuwa aiki take yi: ƙwayoyin halittar da ke cikinta su ke cinye kashin kifi da ragowar abinci, su karya gubar amoniya. Naku tankin ƙasansa fayau yake, ba yashi ba laka, don haka aikin ya dawo wuyanku.

A Turai da Amurka akwai masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi da ke cire yashi da gangan, don datti ya rasa maɓoya. Amma fa injinsu na juya ruwa dare da rana, suna kuma zuƙe abin da ya kwanta da tiyo. Mu da wutarmu ba tabbas, sai dai a yi dabara tun wajen gini. Ku sa magini ya karkatar da daɓen zuwa bakin bututu, yadda da an buɗe, baƙin ruwan ƙasa ne zai fara fita. Sabon tanki kuma a cika, a bari ya jiƙu, a zubar, a maimaita har kaifin simintin ya mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne juriyar tarwaɗa. Tana iya shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa ba ta saurin mutuwa, sai mai ita ya ɗauka lafiya lau. Ku sunkuya ku duba: kumfa a gefen tanki, wari, kifi a tsaye cak da baki a sama, gashin bakinsa ya fara gutsurewa. A Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, cinta raguwa yake. Duk abin da kuka watsa ba ta ci ba, nutsewa zai yi ya ruɓe. Ku rage hannu.

Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe, maganin da ke ciki ya fice.

Sai maganar maƙwabta. Lungunanmu matsattsu ne, har yanzu akwai katangun ƙasa, magudanar ruwa ta Jakara kuma ta riga ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Don Allah kada ku saki ruwan tanki a gindin bangon wani. Ku ja bututu har kwata, ko ku shayar da zogale da shi, taki ne.

Wassalam.