Laifin Tafinta Ne Ko Na Mudu?

Rabuwa da tsohuwar manhaja tana da wuya kamar rabuwa da tsohon abokin aiki. Shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka bar Windows suka koma Linux ba su yar da manhajojinsu na dā ba, sai su riƙa bi da su ta hannun Wine, wadda aka soma aikinta cikin 1993. Aikin Wine aikin tafinta ne. Manhaja ta yi roƙo da harshen Windows, watau a buɗe mata fayil ko a ba ta wurin ajiya, ita kuwa Wine ta juya roƙon zuwa harshen da Linux ke ji.

Lafiya lau ake tafiya har ranar da babban fayil ya shigo. Ma'aikacin rediyo ya ɗauki muryoyin taro tun hantsi, da la'asar ya je buɗewa, sai ya tarar fayil ya guntule, ko ya ƙi buɗuwa sam. Nan da nan a ɗora wa tafinta laifi, alhali kuwa galibi ba shi da hannu.

Ga inda gizo ke saƙa. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙidaya girman fayil da lamba mai gurbi 32, wadda iyakarta 4,294,967,295, watau gigabayit 4 ba bayit ɗaya. In an ware gurbi guda don alamar ragi, sai iyakar ta faɗo zuwa 2,147,483,647. Wannan shi ne mudun manhajar, da shi aka haife ta. Linux ya iya manyan fayiloli, Wine ma haka, amma tafinta ba ya ƙara wa maganar mai magana. Abin da aka faɗa masa shi zai isar, ko da kuskure ne.

Fayil ɗin sauti irin na WAV ya isa misali. A ingancin faifan CD yana cin bayit 176,400 kowace daƙiƙa, saboda haka cikin awa 3 da minti 23 ya cika gigabayit 2, kafin awa 7 kuma ya haye 4. Daga nan lambar da ke rubuce a goshin fayil ta daina faɗin gaskiya. Assha, a nan ne hasara ke aukuwa, domin mutum yakan ga fayil ya nuna 'yan mintoci kawai, ya zaci ya lalace, ya share shi. Sau da yawa kuwa sautin yana nan kwance cikinsa, ƙidayar ce ta ruɗe. Kada mai karatu ya share irin wannan fayil, kada kuma ya bar tsohuwar manhajar ta sake rubutu a kansa. Ya fara kwafe shi tukuna, kana ya gwada buɗe kwafin da manhaja ta zamani.

Wani lokaci kuma laifin na ma'aji ne. Filashin da aka tsara da FAT32, tsarin da ya fito cikin 1996, ba ya karɓar fayil mai gigabayit 4, ko da rabinsa fanko ne. Maganinsa exFAT, wanda Linux ya shigar cikin cibiyarsa a 2019.

Amma fa ba a wanke tafinta fes ba. Manhaja mai gurbi 32 gigabayit 2 kaɗai aka saba ba ta na fagen ƙwaƙwalwa, kuma a tsarin Wine na gargajiya kayan aikin tafinta ma cikin wannan ɗan ɗaki suke zama. Manhajar da ke son ɗora fayil gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa tana iya shaƙewa a nan, alhali a Windows da ta sha da kyar. Proton, wadda kamfanin Valve ya gina bisa Wine ya fitar cikin 2018, tana faɗaɗa ɗakin zuwa kusan gigabayit 4, sai dai ba kowace tsohuwar manhaja ke jure wannan yalwa ba.

Wanda zai yi doguwar ɗauka da tsohuwar manhaja, ya riƙa tsayawa kowace awa biyu yana buɗe sabon fayil, ko ya koma RF64, wanda ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta tsara don sautin da ya fi ƙarfin WAV.