Kunne Ya Toshe, Hanci Za a Tuhuma

A unguwar Al-Shifa da ke kudancin Riyad, inda nake zaune, mutum yakan fito daga ɗaki mai na'urar sanyi ya faɗa cikin zafin da ya haura digiri 40, sau da yawa a wuni guda na bazara. Idan kunnen wani ya toshe ko ya kama ciwo, abin da Hausawan da ke nan suke faɗa shi ne: "Sanyi ne ya shige shi." Haka ma ake cewa a Kano lokacin hunturu. A ganina maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta ɗora laifin inda bai dace ba.

Bayan dodon kunne, wato siririyar fatar da sauti ke kaɗawa, akwai ɗan kogo cike da iska. Iskar waje ba ta shiga kogon ta ramin kunne, domin dodon ya rufe hanya. Ƙofarsa ɗaya ce: wani bututu da bai kai santimita 4 ba, wanda ya zarce zuwa bayan hanci. Wani likitan Italiya, Eustachi, ya bayyana shi tun ƙarni na 16. Duk lokacin da mutum ya haɗiyi miyau ko ya yi hamma, sai bututun ya buɗe, matsin iskar ciki ya daidaita da na waje. To, mura da ƙura da busasshiyar iska sukan kumbura cikin hanci, bututun ya liƙe. Daga nan ne kunne ke yin ɗum, mutum ya riƙa jin magana kamar daga cikin rijiya.

Sauyin matsin iska da ke zuwa da hadari a hankali yake tafiya, lafiyayyen kunne kuwa yakan bi shi ba tare da an sani ba. Tafiya ce ke gaggawa. Wanda ya gangaro daga Ɗa'if zuwa Makka ta hanyar Al-Hada ya sauko fiye da mita 1,500. A jirgin sama kuma, matsin iskar ciki yakan yi daidai da na tsaunin da ya kai mita 2,400, wato ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da jirgi ya fara sauka Jidda ko Kano, sai iska ta danna dodon kunne ciki. Shi ya sa jarirai ke tsala kuka a lokacin, don bututunsu gajere ne, saurin toshewa gare shi.

Abin da nake ƙi shi ne maganin da muka saba. Wani ya zura tsinken ashana, wani gashin kaza, wani ya ɗiga mai. Duk waɗannan iyakarsu ramin kunne, alhali matsalar tana bayan dodon. Tsinke yakan cusa dattin kunne ciki, yakan ma huda dodon. Ya fi kyau mutum ya tauna cingam, ko ya toshe hanci ya rufe baki ya hura a hankali, jariri kuma a ba shi nono yayin sauka. Idan ciwon ya wuce kwana biyu, ko ruwa ko jini ya fito, sai asibiti.

Ku masu koyon Hausa, kunne ne jarinku. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti kaɗai ya raba su. Na taɓa koyar da wani ɗalibi mai ƙwazo da ya dawo hutu a jirgi yana fama da mura. Mako guda yana kasa kunne, amma kalmomin biyu sun zame masa ɗaya, har ya fara zargin basirarsa. Da murar ta sake shi, ya bambanta su a karon farko da na furta.