Land Cruiser ko Defender? A daina yaudarar mutane

Jama'a, masu cewa sabuwar Defender ta fi Land Cruiser 70 a sahara, don Allah kun taɓa wuce Agadas? Tun 2016 aka daina ƙera tsohuwar Defender. Wadda ta shigo kasuwa a 2020 kwamfuta ce kan taya huɗu. In ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, wa zai taɓa ta? Land Cruiser 70 kuwa tun 1984 ake ƙera ta, bakanikai sun san cikinta, kayan gyaranta har na gwanjo akwai. A Tenere in mota ta tsaya, ruwan jarka ake fara lissafi. Mai son hoto ya sayi Defender. Ni dai iyalina na jirana.