Sayen Na'urar Gem: Girman Ma'ajiya Ba Shi Ke Kawo Ciniki Ba

A unguwar Kagarawal ta birnin Gombe, kamar yadda yake a Jekadafari da Bolari da Pantami, gidan gem ya shiga sahun ƙananan sana'o'in da matashi kan fara da su in ya sami ɗan jari. Kayan aikin ba su da yawa: shago, benci, akwatin talabijin, janareta, sai kuma na'urar wasan kanta. To amma a wajen sayen wannan na'ura ne jarin mutane da dama yake nutsewa, domin mai saye yakan shiga kasuwa bai yanke shawara a kan abubuwa biyu ba, watau wace iri zai ɗauka, kuma ma'ajiyarta za ta kai nawa. Mai sayarwa kuwa, bisa al'adar kasuwa, wadda ta fi tsada ita zai fara miƙo masa.

A da can wannan tambaya ba ta taso ba. PlayStation ta farko, wadda kamfanin Sony ya fito da ita a Japan a 1994, daga faifai take karanta wasa, kuma ɗan katin da ake ajiye inda aka tsaya bai wuce kilobait 128 ba. Wadda ta biyo ta a 2000 katinta megabait 8 ne. Na'urar da aka ce tana da terabait ɗaya a yau ta ninka wancan katin na farko kusan sau miliyan takwas, amma duk da haka masu ita suna kukan ta cika. Dalili kuwa shi ne, tun daga PS4 ta 2013, ko da mutum ya sayi faifai, tilas ne a kwafe wasan zuwa cikin na'urar kafin a buga shi, sa'an nan duk gyaran da kamfanin wasan ya aiko daga baya a nan zai zauna.

Bugu da ƙari, adadin da ke jikin kwali ba shi ne ke zuwa hannun mai saye ba, saboda manhajar na'urar tana cin nata kason tun kafin a kunna. PS5 ta 2020 an rubuta mata gigabait 825, amma abin da ya rage na wasanni kimanin 667 ne. Xbox Series S ta kamfanin Microsoft mai 512 takan bar kimanin 364, babbar 'yar'uwarta Series X mai terabait ɗaya kuma kimanin 800. A 2023 Sony ya fito da siririyar PS5 mai terabait ɗaya, a 2024 kuma ya kawo PS5 Pro mai terabait biyu a kan Dalar Amurka 699, ba tare da wurin sa faifai ba.

Sai dai tambayar da ta kamata mai gidan gem ya yi wa kansa ita ce: me yaran unguwa ke biyan kuɗi su buga? Duk wanda ya leƙa irin waɗannan shaguna bayan la'asar ya san amsar. Ƙwallon ƙafa ce. Da can PES ta kamfanin Konami da FIFA ta kamfanin EA ne suka raba kasuwar. A 2021 aka mayar da PES ta zama eFootball, a 2023 kuma FIFA ta koma EA Sports FC. Wasan ƙwallo guda yakan ci gigabait 50 ko abin da ya yi kusa da haka. In aka ƙara masa wasan faɗa ɗaya irin su Mortal Kombat, da na mota ɗaya, har yanzu da sauran fili a na'ura mai gigabait 500. Manyan wasannin yaƙi da ke wuce gigabait 100 na mai zama shi kaɗai ne a ɗakinsa na sa'o'i, ba na shagon da mutum biyu za su kara na minti goma su tashi wasu su zauna ba. Saboda haka terabait biyu a gidan gem kuɗi ne da aka kwantar, ba ya haihuwa.

Ciniki a wannan sana'a da yawan kujeru ake auna shi. Na'ura ɗaya, kome tsadarta, wasa ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, har Dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a 2024, kuɗin sabuwar PS5 guda yana iya sayen PS4 ta hannu biyu ko fiye. Ma'anar wannan ita ce wasanni biyu a tare maimakon ɗaya, kuma ranar da guda ta lalace shagon ba zai rufe ba. Ko shakka babu PS4 ta tsufa. EA ya fitar mata da FC 26 a 2025, amma ba za a ci gaba da haka har abada ba, kuma ranar da sabon wasan ƙwallo ya daina zuwa mata, yara za su koma shagon maƙwabci. Abin da ya fi dacewa da mai ƙaramin jari shi ne ya fara da tsofaffin, ya riƙa ware wani abu daga cinikin yau da kullum, ya sa PS5 guda daga baya a matsayin kujerar alfarma mai farashinta daban.

Babban tarkon ma ba a ma'ajiya yake ba, yana wajen na'urar da ba ta karɓar faifai. Series S da PS5 marar faifai sun fi araha a ranar saye, shi ya sa suke jan hankali. Amma kowane wasa sai an sauko da shi ta intanet, alhali a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data. Shagon Sony na intanet kuma ba ya karɓar Naira. Sai an buɗe asusu da sunan wata ƙasa, a sayi katin kuɗin waje. Wasan da aka saya ta haka ba a sayar da shi in shekararsa ta wuce. Faifai kuwa kadara ce: ana musanya shi, ana aronsa tsakanin shaguna, ana mayar da shi kasuwa a cika kuɗi a karɓi sabo. A nan ne maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida ta fi zama daidai.

Ita ma'ajiya, in bukata ta taso, ana iya ƙara ta daga baya. Tun 2017 PS4 take karɓar rumbun waje ta kafar USB, kuma ana buga wasa daga cikinsa kai tsaye. Tun 2021 aka buɗe wa PS5 gurbin sa ƙarin rumbu irin na kwamfuta, ko da yake wasanninta ba sa buguwa daga rumbun waje, ajiya kawai yake yi musu. Xbox ce ke bukatar kati na musamman, mai tsada. Wurin sa faifai kuwa, ana iya saya wa siririyar PS5 daban, amma Series S ba ta da wannan gata.

Rarar kuɗin da aka samu akwai inda ya fi bukatarta. PS5 tana jan wuta kimanin wat 200 in ana wasa, watau wajen ninki biyu na siririyar PS4, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowane wat yana da lissafinsa a tankin janareta. Ɗaukewar wuta ba zato lokacin da na'ura ke ajiye wani abu takan ɓata abin da ke cikin rumbu, kome girmansa. Ƙurar hunturu da zafin bazarar Gombe kuma sukan toshe fanka su gasa na'ura. Don haka inbata da batir, da sitabilaiza, da fad na ko-ta-kwana, su ne suka cancanci kuɗin. Fad ɗin ma shi ne ke fara mutuwa a hannun yara.

Akwai kuma na'urorin da ake kawowa an fasa manhajarsu an cika su da wasanni. Araharsu a fili take, amma ba a sabunta su ba tare da fashin ya warware ba, kuma kwafar wasa ba da izini ba ta saɓa wa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Mai sayen na'urar hannu, ko a Gombe ne ko a Sabon Garin Kano ko a kasuwar Alaba ta Legas, wajibi ne ya sa a kunna ta a gabansa, ya shiga wurin saiti ya ga girman ma'ajiyar da idonsa, ya sa faifai ya tabbatar tana karantawa, ya bar ta tana aiki kamar rabin sa'a yana sauraron ƙarar fankarta, kana a rubuta masa a rasit kwana nawa aka ba shi na mayarwa.