Intanet Ɗin Hostal: A Auna Da Mudu, Kada A Rufe Rumbu



Wani ƙanenmu da ke karatun kimiyya a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan na Sakkwato ne ya kawo mana kuka. An sa musu Wi-Fi a hostal, suka yi ta murna. Ba a jima ba aka toshe shafukan kallon bidiyo da na tura manyan fayiloli. Yanzu idan malami ya ce a je YouTube a kalli yadda ake wani gwaji, sai ya taɓa kuɗin abincinsa ya sayi data.

Mu fara da yi wa hukuma adalci. Layin intanet tamkar famfon unguwa ne: idan mutum goma suka jona tiyo, sauran sai su koma gida da bokiti wayam. Awa ɗaya ta bidiyo mai haske sosai tana iya cin gigabait 2 zuwa 3, alhali littafin karatu sukutum 'yan megabait ne. Idan ɗaki guda ya kwana yana sauke finafinan Indiya, mai rubuta furojet ɗinsa ba zai iya buɗe ko shafi ɗaya ba. Matsalar ma ba tamu ce mu kaɗai ba. A shekarar 2000 jami'o'i da dama a Amurka sun toshe manhajar Napster saboda ta cinye musu layi, kuma a 2008 ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa jami'o'i tsarin yaƙi da satar fasaha.

Mu marubuta kuwa mun fi kowa sanin zafin satar fasaha. Marubuciya ta shekara tana rubuta labari, cikin dare ɗaya ya zagaye zaurukan WhatsApp, ko sisi ba ta gani ba. Haka 'yan Kannywood ke kuka. Don haka ba mu zo kare ɓarayin zaune ba.

Amma shin toshewa ta hana satar? Duk wanda ya taɓa kwana a hostal ya san amsa. Da Xender ake tura fim daga waya zuwa waya, babu ruwansa da intanet. Ɗan mai kuɗi kuma ya kunna datarsa ya ci gaba da kallo. Wanda ƙofa ta rufe da shi shi ne ɗan talakan da ya taso daga Gada ko Tangaza da garin kwaki a jaka, ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Mu Sakkwatawa mun ɗanɗana hukuncin gama-gari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, kuma mun ga yadda ɗan kasuwa da ɗalibi suka sha wahala kan laifin da ba nasu ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ba a zubar da buhu saboda shi.

Shawararmu ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da duk makarantar da ke son kai intanet ɗakunan ɗalibanta, guda uku ce. A ba kowane ɗalibi kasonsa na mako da lambar rajistarsa. Wanda ya ƙarar a kan ƙwallo, shi ya jiyo. A sassauta da tsakar dare, lokacin da ofisoshi ke rufe. Sannan a tara darussan bidiyo da littattafan da aka halatta a rumbun kwamfuta na cikin makaranta, kowa ya ɗiba ba tare da an taɓa babban layi ba.

Ku kuma ƙannenmu, amana ce. Idan aka buɗe muku, ku tuna da na ɗakin kusa da ke da jarrabawa gobe da safe.

Wanda ya taɓa zaman hostal a cikinmu, ya ba mu labarin yadda abin yake a makarantarsu. Allah Ya sa mu dace.