Littafi Mai Tsarki Ba Laya Ba Ne

Kai Kirista mai karanta wannan takarda, ga tambaya guda. Ina Littafinka Mai Tsarki yake yanzu? Kada ka yi saurin amsawa. Wani nasa yana ƙasan akwati tare da rigar biki. Wani ya naɗe nasa a tsumma, ya tura ƙarƙashin matashin kai. Wani kuwa sai ran Lahadi yake kaɗe masa ƙura, ya rungume shi zuwa majami'a, ya komo da shi gida ba a buɗe ba. In kana cikin waɗannan, da kai nake. Ka yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Da can kana da hujja, don ba ka iya karatu ba. Yanzu fa? Ka shiga ajin yaƙi da jahilci. Ka zauna gaban allo da dare bayan wahalar gona. Ka iya haɗa baƙi da wasali. Kana karanta takardar asibiti, da sunan taki a jikin buhu, da saƙo a wayar salula. To, yaya aka yi littafin da ka ce shi ne tushen bangaskiyarka, shi kaɗai ne ba ka karantawa?

Ajiya a ƙarƙashin matashi

Kakanninmu sun saba da laya. Ana ɗinke ta a fata, a rataya a wuya, ba a buɗewa. Waɗansunmu sun bar laya, amma halin bai bar su ba. Sun mai da Littafi Mai Tsarki babbar laya. In yaro yana zazzaɓi, sai a aza masa Littafin a ƙirji. In za a yi tafiya, sai a sa shi cikin jaka don tsarin hanya. Haba, ɗan'uwa! Takarda da tawada ba su korar sauro. Zazzaɓi asibiti ake kai shi, a kuma yi addu'a. Amfanin Littafin yana cikin maganar da ke ciki, magana kuwa sai an ji ta take aiki. Hatsin da ke cikin rumbu ba ya ƙosar da kowa sai an sussuka, an daka, an dafa.

Ku mutanen Jiratawa kun fi kowa sanin ban ruwa. Wane ne a cikinku zai ba dashen salati ruwa sau ɗaya a mako cikin zafin bazara, ya sa ran kai shi kasuwar Maradi? Babu. Amma haka kake yi wa ranka. Wa'azin sa'a guda ran Lahadi, sa'an nan kwana 6 babu ko ɗigo. In bangaskiyarka ta yi yaushi, kada ka ce shaiɗan ne ya fi ƙarfinka. Kai ne ka hana ta ruwa.

Da wahala aka kawo shi bakinka

Ka san yadda wannan Littafi ya shigo Hausa? Akwai ɗan ƙasarmu cikin labarin. Sunansa Dorugu, an haife shi wajen Kance a ƙasar Damagaram. Tun yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Barno. Can ya sami ƴanci, ya bi wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth har Ingila a 1855. A Ingila ya zauna da wani mai wa'azi, Schön, wanda yake fama da koyon Hausa. Daga bakin yaron nan Schön ya gyara Hausarsa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. A 1880 aka buga Sabon Alkawari. Daga baya Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa, Hausawa da Turawa, suka ɗauki aikin, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke a 1932. Ka ƙirga da kanka. Daga 1857 zuwa 1932 shekara 75 ke nan. A 1979 kuma aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin ganewa.

A ƙasarmu, masu mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, ba a jima ba suka zo Tsibiri. Sun buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jiyyar kutare na Danja a 1956. Masu bi na farko a Tsibiri da Maradi sun sha gori wajen danginsu don sun koyi boko. Sun jure, domin suna so su ga maganar da idonsu. Kai kuwa an miƙo maka ita da harshen da ka sha a nono, kuɗinta bai kai na akuya ba, ka kulle ta a akwati. Wannan butulci ne.

Masu aya guda

Wanda bai san hanya ba, kowa ya nuna masa daji sai ya bi. Yau masu wa'azi sun yi yawa, a rediyo, a waya, a dandali. Akwai na kirki da yawa, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Akwai kuma ƴan kasuwa. Ɗan kasuwa yakan tsinko aya guda, ya yanke kanta da wutsiyarta, ya ɗaga murya. Zai ce ka kawo jika 5 Allah ya mayar maka jika 50. Zai sayar maka da mai ko ruwa a kwalba. Zai gaya wa matar da ba ta haihu ba cewa kishiyar uwarta ce ta ɗaure ta. Gida ya rikice, shi kuwa ya sa kuɗi aljihu ya wuce gari na gaba.

Da me za ka gane shi? Ƙarfin murya ba shaida ba ne. Kawo aya ma ba shaida ba ne. Ka buɗe Matiyu sura 4. Sa'ad da Iblis ya gwada Yesu a jeji, shi ma aya ya kawo daga Zabura. Yesu ya ka da shi da wata aya, domin ya san Littafin duka. Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Wani mai sihiri, Siman, ya miƙa kuɗi yana so ya sayi baiwar Allah. Bitrus ya tsawata masa ƙwarai. Wanda ya taɓa karanta wannan wuri, mai kwalba ba zai ci kuɗinsa ba.

Wani zai ce, “Ni wane ne da zan binciki maganar fasto?” Ka duba sura 17 ta littafin nan. Manzo Bulus da kansa ya yi wa'azi a wani gari, Biriya. Mutanen garin suka saurara da murna, amma kowace rana suna komawa ga Littattafai su ga ko abin da ya faɗa haka yake. Ba a zarge su ba, yabonsu aka yi. In an binciki Bulus, wane ne ya fi ƙarfin bincike? Fasto na gari murna yake yi in ya ga ka buɗe wurin da ya ambata. Wanda ya ɓata rai don ka buɗe, ka yi hankali da shi.

Ranar da wuta ta tashi

Bisa ƙidayar 2012, Kirista a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Yawancin kwanaki muna zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi. Rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, sau da yawa ma kaka ɗaya. Amma an ga baƙin kwanaki. A Nuwamba 2000 an kai wa majami'u hari a Maradi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. A Yuni 2019 an ƙone wata majami'a a unguwar Zariya cikin Maradi. Kada kuma mu manta, a 2015 akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu.

Ka tambayi kanka. In gini ya ƙone, benci ya ƙone, ganga ta ƙone, fasto ya ɓuya, me ya rage maka? Abin da ke cikin zuciyarka kaɗai. Bayan wutar 2015 shugabannin ikilisiya sun yi kira a yafe, kada a rama. Wannan ba halin ɗan Adam ba ne. Zuciya ramuwa take so. Wanda ya saba karanta yadda Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara, shi ne yake iya haɗiye fushinsa a irin wannan rana. Wanda bangaskiyarsa ta aro ce, ko ya gudu ko ya ɗauki sanda. Kayan aro ba ya rufe katara.

Manoman ƙasar Maradi sun ga misalin wannan a gonakinsu. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da ƴan tsiron da muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Ashe ba ciyawa ba ce. Kututturan itatuwa ne, kalgo da sabara da sauransu, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Da aka bar musu reshe ɗaya ko biyu ana gyarawa, sai gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa. An sare su, an ƙone su, amma saiwa ta yi zurfi. Karatun kowace rana shi ne yake zurfafa saiwar mai bi.

Hujjojin da ake kawowa

Na farko: “Iyayenmu ba su yi karatu ba, amma bangaskiyarsu ta fi tamu.” Gaskiya ne, akwai irinsu da yawa. Amma ka tuna yadda suka yi. Sun yi tafiyar ƙasa su ji an karanta musu. Sun haddace ayoyi suna maimaitawa a bakin turmi da bayan garma. Rashin ido ne ya sa suka dogara ga kunne. Kai da aka buɗe wa ido, kada ka fake da su.

Na biyu: “Hausar Littafin da wuya.” I, akwai bambanci. An rubuta shi da Hausar da ta fi kusa da ta Kano. Mu muna cewa “tahiya,” shi ya rubuta “tafiya.” Muna cewa “hita,” shi ya ce “fita.” Wannan cikin mako biyu ido yake sabawa. Kana jin labaran rediyo da irin Hausar nan, ba ka taɓa kashe rediyon ba. Kada kuma wani ɗan lakwal ya ruɗe ka cewa na Faransanci ya fi tsarki. Shi ma fassara ce. Asalin Littafin da Ibrananci da Helenanci aka rubuta yawancinsa.

Na uku: “In kowa ya karanta da kansa, kowa zai fito da tasa fassara.” Akwai haɗari nan, ba a musu. Maganinsa a karanta tare, a kuma yi tambaya. A cikin Ayyukan Manzanni sura 8 akwai wani babban ma'aikaci na Habasha da yake karatu cikin karusarsa bai gane ba. Bai rufe littafin ba. Ya kira Filibus ya hau ya bayyana masa. Ka karanta, inda ya shige maka duhu ka sa alama, ka kai wa dattijo ko mai bishara.

Na huɗu: “Ba ni da lokaci.” Kana da lokacin shayi. Kana da lokacin dara a gindin bedi. Ka dubi ɗan maƙwabcinka almajiri. Tun asuba yana gaban wuta da allonsa, cikin sanyin hunturu. Maƙwabtan nan suna kiranmu ma'abota Littafi. In ɗayansu ya tambaye ka abin da Littafinka ya ce a kan bashi, ko aure, ko haƙƙin maraya, ka yi shiru kana susar ƙeya, kunyar ta wa ce?

Ke ma da ke nake

Uwargida, kada ki ce wannan zancen maza ne. Ke ce kike tare da yara safe da yamma. Timoti, wanda Bulus ya rubuta wa wasiƙu 2, ya san Littattafai tun yana ƙarami. Bulus ya ambaci waɗanda bangaskiyar ta fara zama a cikinsu, wato kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki. Waƙoƙin Zumuntar Mata suna da daɗi, amma waƙa ba ta isa ba. In kun taru, kowace mace ta karanta aya 2 da bakinta, ko da tana tuntuɓe. Kai kuma maigida, in ka hana matarka zuwa aji, ƴaƴanka ka cuta.

Ga yadda za ka fara

Littafin da muke karantawa a majami'unmu littattafai 66 ne a haɗe, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabo. Kada yawansa ya ba ka tsoro. Ba a cinye rumbu rana ɗaya.

Ka fara da Markus. Sura 16 ce kawai, labari ne kuma mai tafiya da sauri. Sura ɗaya kowace rana, cikin kwana 16 ka gama. Daga nan ka shiga Luka, sa'an nan Ayyukan Manzanni. Sabon Alkawari duka sura 260 ne. In ka riƙe sura ɗaya a rana, kafin wata 9 ka kai ƙarshe. Littafin Karin Magana sura 31 ne, ya yi daidai da kwanakin wata.

Ka zaɓi lokaci guda, kada ka sāke shi. Ka karanta da ƙarfi, iyali suna ji, har tsohuwar da idonta ya yi rauni ta samu rabonta. In kana da waya mai karanta Littafin da murya, ka sa yatsa a kan layi kana bi, haka karatunka zai ƙara kaifi. Bayan kowace sura ku tambayi juna abu 3. Me ya faru? Me ya nuna mana game da Allah? Me za mu yi yau saboda shi? In aya ta kama zuciyarka, ka rubuta ta a ƴar takarda, ka tafi da ita gona, ka haddace.

Ka ciro shi daga akwati yau da dare. Ka kunna fitila, ka tara yara, ka buɗe Markus sura 1. In ka yi tuntuɓe a kalma, ka sāke ta har ta zauna. Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar riƙewa. Amin.