A Sauƙaƙa wa Talaka da Ɗan Haya Mallakar Sola

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi kira kan maganar wutar sola.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da dama a Ajingi da Gaya suka jingine janareto. Kowa ya san sola ce mafita, tunda rana ba ta yi mana rowa ba. Abin da ya gagara shi ne kuɗin faranti da batir da inbata, waɗanda ake so a biya a dunƙule. Manomi a Toranke ko Balare sai kaka yake ganin kuɗi masu kauri, sauran watanni kuwa sai lallaɓawa. Ga shi kullum yana biyan kuɗin cajin waya da batirin tocila, waɗanda in an tara na shekara ba ƙananan kuɗi ba ne.

Ɗan haya kuma nasa ya fi wuya. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka turo aiki ba za su kafa faranti a rufin wani ba, alhali gobe ana iya yi musu canjin wurin aiki. Mai gida shi ma ba zai kashe kuɗi a kan hasken da ba shi zai mora ba.

Shirye-shirye dai an yi su. A Afrilun 2021 tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da Solar Power Naija a Jangefe ta ƙaramar hukumar Roni a Jigawa, da burin kai haske gidaje miliyan 5. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ke gudanarwa. Muna so rabonmu ya iso karkara da tsarin da ya dace da aljihunmu.

Shawarata uku ce. A kawo ƙaramar sola ta tafi-da-gidanka, mai ɗaukar ƙwai uku ko huɗu da fanka da cajin waya, wadda ɗan haya zai naɗe ya tafi da ita ranar da ya tashi. A rage kafin-alƙalami, ma'aikaci ya biya wata-wata, manomi ya biya da kaka, ba tare da kuɗin ruwa ba, ƙungiyoyin manoma da na adashin mata su tsaya wa mambobinsu. Sannan hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sa ido kan jabun batura, a kuma horar da matasanmu gyara, don kada ƙaramar matsala ta kai mutum har Kano.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya da Masarautar Gaya su zauna da REA da kamfanonin sola kan wannan batu kafin zafin bazara ya kama.



Mai karanta jaridarku,
daga Ajingi, Jihar Kano.